Yadda ake buɗe ƙwaƙwalwar kwamfuta ga RDMA ba tare da an bar ta a sake ba

Masu rubuta manhajar da ke amfani da RDMA, wato fasahar da ke ba wata kwamfuta damar karantawa ko rubutawa kai tsaye a ƙwaƙwalwar wata ta hanyar sadarwa, sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: an haɗa kwamfutoci biyu, an tura umarnin rubutu, sai kawai a ga IBV_WC_REM_ACCESS_ERR, ko kuma aikin ya tafi sumul amma bayanan su sauka inda ba a nufa ba. Wasu kuma tambayarsu ita ce yadda za su hana wata kwamfuta taɓa ƙwaƙwalwar da ba a ba ta ba. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, kuma tana cikin jerin matakan da ake bi.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne, a RDMA katin sadarwar ɗaya kwamfutar ne ke magana da katinka kai tsaye. Manhajarka ba ta ganin buƙatar, kanel ma, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ba ya ganinta. Babu wurin da za ka sa sharaɗin "duba kafin ka yarda" a lokacin da bayanan ke shigowa. Duk kariyar da za ka samu, a lokacin rajista ka gina ta, wato lokacin da kake gabatar wa katin yankin ƙwaƙwalwar da za a buɗe, shi kuma ya ba ka lambar mabuɗinsa. Katin zai duba mabuɗi, ya duba adireshi da tsawo, ya duba izini, in sun dace ya rubuta, ko da abin da ake rubutawa ɓarna ne.

A nan zan kira kwamfutar da ke buɗe ƙwaƙwalwarta "mai ajiya", wadda ke rubutawa ko karantawa daga nesa kuma "mai aikawa". Misalan na Linux ne da ɗakin karatun libibverbs, cikin yaren C.

1. Tanadi kayan aiki

Ba sai ka sayi katin InfiniBand ko na RoCE ba, wato katunan sadarwa masu yin RDMA, kafin ka koya. Linux na da direban rdma_rxe, wanda aka fi sani da Soft-RoCE, yana kwaikwayon katin RDMA a kan katin Ethernet na yau da kullum. Gudunsa ba ya kusa da na kati na gaske, amma dokokin mabuɗi da izini iri ɗaya ne, kuma su muke nema. Kwamfutoci biyu sun isa, ko da na kwaikwayo ne a cikin inji ɗaya.

A Debian ko Ubuntu ka girka rdma-core, ibverbs-utils, rdmacm-utils, libibverbs-dev, librdmacm-dev da perftest. Sannan a kowace kwamfuta:

`sudo modprobe rdma_rxe`
`sudo rdma link add rxe0 type rxe netdev eth0`
`ibv_devinfo -v`

Ka maye gurbin eth0 da ainihin sunan katinka. A sakamakon umarni na uku ka tabbata tashar na nuna PORT_ACTIVE, ka kuma rubuta ƙimar max_mr, max_mr_size, max_pd da max_mw, domin su ne iyakar yawan abin da katin zai ba ka.

Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhajarka, gwada hanyar da rping: `rping -s -a ADIRESHI -v -C 10` a gefen mai ajiya, `rping -c -a ADIRESHI -v -C 10` a ɗaya gefen, ADIRESHI kuwa adireshin IP na mai ajiya ne a duka biyun.

Gargaɗi: RoCE na biyu yana tafiya ne cikin UDP ta ƙofa mai lamba 4791. Da Soft-RoCE, in katangar tsaron kwamfutar ta toshe wannan ƙofa, za ka yi ta neman kuskure a manhajarka alhali matsalar ba a can take ba. In rping bai yi aiki ba, kada ka wuce wannan mataki.

2. Ɗaga iyakar ƙwaƙwalwar da ake kafewa

Rajista na kafe shafukan ƙwaƙwalwa, wato kanel ba zai matsar da su ko ya kwashe su zuwa faifai ba har sai ka soke rajistar. Linux na da iyaka kan yawan abin da mai amfani zai iya kafewa. Duba ta da `ulimit -l`. Tsofaffin tsare-tsare kilobayit 64 kacal suke bayarwa, sababbi megabayit 8. Duka biyun ba su isa aikin kirki ba.

A fayil ɗin /etc/security/limits.conf ka sa layi biyu na memlock, ɗaya soft ɗaya hard, ga asusun da zai gudanar da manhajar, sannan ka fita ka sake shiga.

Gargaɗi: wannan fayil bai shafi manhajar da systemd ke tayarwa ba. Ita LimitMEMLOCK ake sa mata a fayil ɗinta na hidima. In a cikin Docker ne, `--ulimit memlock` ake bayarwa. Alamar wannan matsala ita ce ibv_reg_mr ya dawo da NULL, errno kuma ENOMEM, alhali kwamfutar cike take da ƙwaƙwalwar da ba a taɓa ba.

Mutane da yawa "unlimited" suke sawa su huta. A injin gwaji ba laifi. A sabar da ke ɗauke da wasu ayyuka na fi son a sa adadi, domin manhajar da ke rajista ba ta sokewa za ta iya kafe ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya, kanel kuma ba shi da ikon ƙwato ko shafi ɗaya.

3. Yanke shawarar shingen kariya kafin komai

Wannan ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi.

Shingen kariya, PD a cikin libibverbs, ana samunsa da kira ɗaya: `pd = ibv_alloc_pd(ctx)`. Duk yankin ƙwaƙwalwar da ka yi wa rajista yana cikin wani shinge, duk tagwayen layin aikawa da karɓa, QP, su ma suna cikin wani shinge. Dokar katin ita ce: buƙatar da ta shigo ta wani QP ba za ta taɓa yanki ba sai in shingensu ɗaya ne.

Juya dokar ka ga abin da take nufi. Mabuɗin yanki yana aiki ta kowane QP da ke cikin shingen, ba ta wanda ka miƙa mabuɗin kaɗai ba. Ɗauka sabar tana hulɗa da kwamfutoci hamsin, duka a shinge ɗaya, kowace an ba ta nata yankin. In ta bakwai ta samu mabuɗi da adireshin ta tara, ko ta hanyar kuskuren manhaja ko ta cinke, za ta karanta ta kuma rubuta a yankin ta tara, katin ba zai ce uffan ba. Kamar gidan haya ne da kowane ɗaki ke da nasa kwaɗo, amma duk wanda ya riga ya shigo zaure zai iya gwada makulli a kowace ƙofa ba mai tambayarsa.

Saboda haka ka tambayi kanka: waɗanda za su haɗu da ni, sun yarda da juna? In duka sassan aiki ɗaya ne na mai shi ɗaya, kamar lissafin da aka raba wa injuna da yawa, shinge ɗaya ya wadatar. In kuwa masu hulɗa daban-daban ne, kowanne a ba shi nasa shingen, a ƙirƙiri QP ɗinsa da yankunansa a ciki.

Hakan na da tsada, ba zan ɓoye ba. Yankin da kowa ke buƙatar karantawa sai an yi masa rajista a kowane shinge daban, kowace rajista da nata mabuɗin da nata gurbin a teburin katin. Layin karɓa na tarayya, SRQ, shi ma yana cikin shinge, don haka tsarin da ya dogara da shi sai an sake masa tunani. Wanda wannan tsada ta yi masa yawa ya duba mataki na 8, akwai wata hanya.

Gargaɗi: ba a sauya wa QP shinge bayan an ƙirƙire shi. In ka gina komai a shinge ɗaya sannan ka gane kuskure ne, gyaran ya taɓa kusan ko'ina a manhajar.

4. Ware filin da za a buɗe, shi kaɗai

Ka nemi fili na musamman da posix_memalign ko mmap, wanda ya fara daidai kan iyakar shafi, bayit 4096 a yawancin injuna. Ka cika shi da sifili kafin rajista. Filin da malloc ya ba ka yana iya ɗauke da ragowar abin da manhajar ta yi amfani da shi a baya, kuma da zarar ka ba da izinin karatu, mai aikawa zai ga wannan ragowar.

Kada ka haɗa abin da na nesa zai taɓa da abin da manhajarka ta dogara da shi a fili ɗaya. Na sha ganin tsarin da aka sa bayanan da ake karɓa a gaba, aka sa manuni da ƙididdigar tsawo a bayansu, aka yi wa duka rajista da izinin rubutu. Mai aikawa na iya sauya manunin, manhajar mai ajiya ta bi shi ta faɗa inda ba a so. Duk abin da ke cikin yankin da aka buɗe wa rubutu, ka ɗauke shi a matsayin abin da baƙo ya kawo: ka kwafe tsawon zuwa naka wurin, ka duba shi, sannan ka yi aiki da kwafin. In ka duba shi a inda yake sannan ka sake karanta shi, yana iya sauyawa tsakanin dubawar da amfanin.

In filin babba ne, manyan shafuka na taimakawa. Gigabayit ɗaya shafuka 262144 ne masu kilobayit 4, amma 512 ne kawai masu megabayit 2. Katin na riƙe da teburin fassara adireshin da manhaja ke gani zuwa na zahiri, kuma ƙaramin teburi ya fi saurin ginawa da dubawa.

Kada ka yi rajistar abin da ke kan tarin wucin gadi (stack) na aikin C (function) da zai ƙare ya dawo. Aikin na ƙarewa, wurin ya zama na wani, mabuɗin kuma yana nan da ransa.

5. Yi rajista da mafi ƙarancin izini

`mr = ibv_reg_mr(pd, fili, tsawo, izini);`

Abin da ya dawo yana ɗauke da lambobi biyu masu bit 32. Lkey naka ne, shi kake sawa a umarnin da kai kake turawa. Rkey shi ake miƙa wa na nesa. A wasu katuna lambobin biyu sukan zo iri ɗaya, wannan ya sa manhajar da ta rikita su take aiki a wani inji ta mutu a wani. Ka yi amfani da kowanne a muhallinsa.

Izinin kuwa ga yadda ake zaɓensa. Karatu na cikin gida kullum a buɗe yake, ba ya buƙatar tuta. Filin da za a karɓi saƙo a ciki yana buƙatar IBV_ACCESS_LOCAL_WRITE. Wanda na nesa zai karanta, IBV_ACCESS_REMOTE_READ kawai. Wanda na nesa zai rubuta, IBV_ACCESS_REMOTE_WRITE tare da IBV_ACCESS_LOCAL_WRITE. In ka bar na biyun rajistar ba za ta yiwu ba. Haka dokar take ga IBV_ACCESS_REMOTE_ATOMIC.

A gefen mai aikawa, filin da ake ɗibar bayanai daga ciki don rubutu ba ya buƙatar wani izinin nesa. Filin da sakamakon karatu zai sauka yana buƙatar izinin rubutu na gida.

Gargaɗi: a iWARP, wato RDMA da ke tafiya a kan TCP, amsar karatu tana isowa ne kamar rubutu daga nesa, saboda haka filin da za ta sauka yana buƙatar izinin rubutun nesa ma. Manhajar da aka gwada a InfiniBand kaɗai takan yi tuntuɓe a nan.

Misalan da ke yawo a intanet sun saba haɗa duka tutocin a layi ɗaya don kada a sha wahala. Kada ka kwafi wannan. Fili ɗaya ana iya yi masa rajista sau biyu, ɗaya ta karatu kawai ɗaya ta rubutu, ka ba kowa mabuɗin da ya dace da aikinsa.

Rajista aiki ne mai nauyi: ana shiga kanel, a kafe shafuka ɗaya bayan ɗaya, a cika teburin kati. Ba abin da ake yi wa kowane saƙo ba ne. Ka yi ta a farkon aiki, ka ci gaba da juya filayen.

Gargaɗi na biyu ya shafi fork. In manhajarka na haifar wata, ko da ta hanyar system ko popen ne, ka kira ibv_fork_init tun kafin rajista ta farko. A tsofaffin kanel, rubutun da uwar ta yi bayan fork na iya sa ta koma kan sabon kwafin shafi, katin kuma ya ci gaba da zuba bayanai a tsohon. Babu saƙon kuskure, bayanai ne kawai ba sa isowa. Sababbin kanel sun magance wannan, amma kiran ba ya cutarwa.

Akwai kuma IBV_ACCESS_ON_DEMAND a katunan da ke goyon bayansa, kamar jerin ConnectX, inda ba a kafe shafuka sai katin ya nemo su a lokacin buƙata. Yana rage kafewa, yana ƙara jinkiri a taɓawar farko, bai kuma sauya komai a dokar mabuɗi ba.

6. Zaɓi irin adireshin da za ka miƙa

In ka yi rajista ta hanyar da ke sama, adireshin da na nesa zai yi amfani da shi shi ne ainihin adireshin filin a manhajar mai ajiya, lamba mai bit 64. Ba tazara daga farkon fili ba ce. Mai aikawa ne zai haɗa lissafin: adireshin farko, a ƙara tazara.

Mu duba da misali. Mai ajiya ya yi rajistar megabayit ɗaya, bayit 1048576, daga adireshi 0x7f3a10000000. Mai aikawa na son rubuta bayit 4096 a gurbi na uku, in an fara ƙirga daga sifili. Tazarar ita ce 3 sau 4096, wato 12288, ko 0x3000. Abin da zai sa a wr.rdma.remote_addr shi ne 0x7f3a10003000, ya sa rkey a wr.rdma.rkey. Tazara mafi nisa da rubutun bayit 4096 zai iya farawa ita ce 1044480. In ya fara a 1046528, ƙarshen rubutun ya haura iyaka da bayit 2048, katin mai ajiya zai ƙi. Iyakar da ake dubawa ta bayit ce, ba ta shafi ba: in ka yi rajistar bayit 100, bayit na 101 a rufe yake ko da yana cikin shafin da aka kafe.

Kuskuren da aka fi yi a nan guda biyu ne. Ko a sa tazarar ita kaɗai, 12288, a manta adireshin farko. Ko mai aikawa ya sa adireshin nasa filin a gurbin na nesa. Na biyun ya fi wayo, domin in manhaja ɗaya ce ke gudana a injunan biyu, wani lokaci adireshin kan zo ɗaya, gwaji ya wuce, matsalar ta bayyana daga baya.

Hanya ta biyu ita ce adireshi mai farawa daga sifili. Da ibv_reg_mr_iova kana iya ce wa katin ya ɗauki farkon filin a matsayin adireshi 0, sai na nesa ya riƙa aiko da tazara kawai. Ni wannan na fi so inda katin ya yarda. Lissafi ya yi sauƙi, kuma ba ka tona wa na nesa inda filayenka suke a ƙwaƙwalwa ba, abin da tsarin bazuwar adireshi na Linux yake ƙoƙarin ɓoyewa tun farko.

Gargaɗi: sabon adireshin ya shafi lkey ma. In za ka yi amfani da wannan yanki a umarninka na gida, tazarar za ka sa, ba manunin C ba. Sannan dole matsayin filin a cikin shafi ya dace da na adireshin da ka zaɓa, wanda shi ne dalilin fara fili kan iyakar shafi a mataki na 4.

Ayyukan atomik, kwatanta-ka-musanya da ɗauko-ka-ƙara, kan bayit 8 suke aiki, kuma dole adireshin ya rabu da 8 ba saura.

7. Buɗe izinin QP, sannan ka miƙa mabuɗi

Izini hawa biyu ne. Bayan na yanki akwai na QP ɗin kansa, qp_access_flags, da ake sawa lokacin da ake kai shi matakin INIT. In QP ɗin mai ajiya bai yarda da karatun nesa ba, izinin yankin ba zai yi amfani ba. Wannan ma dama ce: QP ɗin da saƙo kawai zai riƙa ɗauka, ka bar masa wannan gurbi a sifili.

Masu amfani da librdmacm, ɗakin karatun da ke ƙulla haɗin RDMA, ba sa sa wannan da hannu, amma su lura da responder_resources da initiator_depth. In mai ajiya ya bar responder_resources a sifili, rubutu zai yi aiki, karatu da atomik ba za su yi ba. Ka kuma tabbata nau'in QP ɗin RC ne, wato haɗi mai tabbatar da isar saƙo. A sauran nau'o'in, UC na ɗaukar rubutu amma ba karatu, UD ba ya ɗaukar ko ɗaya.

Yanzu sai miƙawa. Abubuwa uku ne ke tafiya: adireshi, rkey, tsawo. RDMA bai tanadi hanyar miƙa su ba, kai za ka zaɓa: ta TCP, ta saƙon SEND bayan an haɗu, ko ta ɗan gurbin bayanan sirri na librdmacm, wanda a InfiniBand da RoCE ke ɗaukar bayit 56 a rdma_connect da 196 a rdma_accept. Ka yi amfani da uint64_t da uint32_t, ka juya su da htobe64 da htonl kafin aikawa, ka mayar a ɗaya gefen. Kada ka tura tsarin ibv_mr ɗungurungum, cike yake da manunai marasa ma'ana a wani inji.

Ka tura tsawon ko da kana ganin ɓangarorin biyu sun san shi, mai aikawa kuma ya duba iyaka da kansa kafin ya tura umarni. Dalili shi ne hukuncin katin mai tsanani ne: rubutu ɗaya da ya haura iyaka yana jefa haɗin gaba ɗaya cikin halin kuskure, sai an sake gina shi.

Gargaɗi: rkey ba kalmar sirri ba ce. Bit 32 ne kawai, yana tafiya a fili cikin fakiti, kuma masu bincike na jami'ar ETH Zurich sun nuna a 2021 cewa katuna da dama suna fitar da mabuɗai a jere ta yadda ake iya hasashen na gaba. Takardar RFC 5042 ta 2007 ma ta yi dogon bayani kan haɗarin mabuɗan iWARP. Saboda haka hanyar sadarwar RDMA a keɓe ta: da P_Key, lambar da ke raba hanyar kashi-kashi, a InfiniBand, da VLAN na daban, wato keɓaɓɓen sashen Ethernet, a RoCE. Ka tantance wanda ke neman haɗi kafin ka ba shi QP a shingenka, ba bayan haka ba.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: rubutun RDMA ba ya sanar da mai ajiya. In yana buƙatar sanin bayanai sun iso, yi amfani da IBV_WR_RDMA_WRITE_WITH_IMM, wanda ke ɗauke da lamba mai bit 32 ya kuma cinye gurbin karɓa ɗaya, ko ka biyo rubutun da SEND a kan QP ɗin. Dabarar zura wa bayit na ƙarshe ido har ya sauya tana aiki a katuna da yawa, amma ƙa'ida ba ta yi alkawarin cewa bayit za su sauka a jere ba.

8. Yi amfani da taga in izinin na ɗan lokaci ne

Mabuɗin yanki na aiki har ranar da aka soke rajista. In abin da kake so shi ne "rubuta a wannan gurbi, sau ɗaya, yanzu", taga ce maganin, MW a libibverbs. Taga mabuɗi ne na daban da ake ɗaurawa a kan wani sashe na yankin da aka riga aka yi wa rajista, da nata iyakar da nata izinin. Ɗaura ta da kwance ta umarni ne da ake turawa ta QP, ba a sake kafe shafi, don haka ya fi rajista sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsarin shi ne: ka yi rajistar babban yankin da IBV_ACCESS_LOCAL_WRITE da IBV_ACCESS_MW_BIND, ba tare da wani izinin nesa ba. Ta haka rkey ɗin yankin ba ya buɗe komai ko da ya fita. Sai ka nemi taga da ibv_alloc_mw.

Nau'i na 1 ana ɗaura shi da ibv_bind_mw, kowane ɗauri na fitar da sabon rkey, ana kwance shi ta hanyar sake ɗaurawa da tsawo sifili. Shi har yanzu duk QP na shingen zai iya amfani da shi. Nau'i na 2 ana ɗaura shi da umarnin IBV_WR_BIND_MW, yana manne da QP ɗin da aka ɗaura shi a kai, wani QP ba zai yi amfani da shi ba ko da shingensu ɗaya. Wannan ita ce hanyar da na ambata a mataki na 3. Kai ke zaɓen sabon mabuɗi da ibv_inc_rkey, kuma ana kashe shi da IBV_WR_LOCAL_INV, ko na nesa ya kashe shi da kansa da IBV_WR_SEND_WITH_INV idan ya gama.

Gargaɗi: kada ka dogara da cewa na nesa zai kashe mabuɗin. Duba sakamakon karɓa, in babu tutar IBV_WC_WITH_INV da mabuɗin da kake tsammani, kashe shi da kanka kafin ka taɓa bayanan. Ka jira sakamakon ɗauri kafin ka miƙa mabuɗin. Sannan ibv_inc_rkey bit 8 na ƙasa kawai yake juyawa, bayan ɗauri 256 tsohuwar lamba za ta dawo. Ba kowane kati ke da taga ba, duba device_cap_flags da max_mw da ka rubuta a mataki na 1.

9. Rushe a bisa tsari

Ana rushewa ne daga waje zuwa ciki. Ka yanke haɗin, ko ka kai QP halin kuskure, ka kwashe duk sakamakon da ya rage a layin sakamako (CQ, inda katin ke ba da rahoton umarnin da ya gama), ka rushe QP. Sai tagogi da ibv_dealloc_mw, sai ibv_dereg_mr, bayan nan ne kawai za ka saki filin da free ko munmap. Layin sakamako da shinge su ne na ƙarshe. Ka duba abin da kowane kira ya dawo da shi: ibv_dereg_mr na ƙin aiki in akwai taga a ɗaure, ibv_dealloc_pd na ƙi in akwai sauran abu a shingen.

Gargaɗi: free kafin soke rajista shi ne kuskure mafi muni a wannan aiki, domin ba ya ihu. Malloc zai ba wani sashen manhajar wannan wuri, na nesa kuma yana riƙe da mabuɗi mai aiki a kansa. Realloc ma haka, yana iya matsar da filin ya bar katin a tsohon wurin. Sake ba wani mai hulɗa filin da wani ya yi amfani da shi kuwa, sai an kashe tsohon mabuɗi an kuma share filin.

Don ganin ko kana zubar da rajista, duba layin VmPin a /proc/LAMBA/status, LAMBA ita ce lambar PID ta manhajar, yayin da manhajar ke aiki, da kuma `rdma resource show mr`. Adadin da ke hawa ba ya sauka alama ce.

10. Karya shi da gangan

Gwajin da ya nuna rubutu na isa bai nuna kariya na aiki ba. Ka rubuta gwaje-gwajen da ya kamata su faɗi: rubutu da ya haura iyaka da bayit ɗaya, rubutu da mabuɗin karatu, amfani da mabuɗi bayan an kashe shi, amfani da mabuɗin wani ta QP ɗin wani shinge. Kowanne ya kamata ya dawo wa mai aikawa da IBV_WC_REM_ACCESS_ERR, lamba 10. Wanda ya wuce lafiya ya nuna maka ramin da ke tsarinka.

Wajen karanta sakamako, kuskuren farko kawai ke da labari. Duk waɗanda suka biyo baya IBV_WC_WR_FLUSH_ERR ne, lamba 5, ma'anarsa QP ya riga ya faɗi ana zubar da sauran umarni. Masu buga na ƙarshe kaɗai a fayil ɗin tarihin aiki (log) sukan ɓata yini suna bin 5. IBV_WC_LOC_PROT_ERR, lamba 4, matsalar gida ce: lkey, adireshi ko tsawon filinka, ko filin da QP ɗin ba shinge ɗaya suke ba. IBV_WC_REM_INV_REQ_ERR, lamba 9, yakan nuna QP ɗin can bai yarda da irin aikin ba, sai a koma mataki na 7. IBV_WC_RETRY_EXC_ERR, lamba 12, na nufin can ɗin bai amsa ba sam, ko hanya ce ko QP ɗinsa ya riga ya mutu. Ibv_wc_status_str na mayar da lambar zuwa rubutu.

A gefen mai ajiya babu sakamakon da zai fito a layi, tunda ba shi ya tura umarnin ba. Labarin na zuwa ne ta ibv_get_async_event, a matsayin IBV_EVENT_QP_ACCESS_ERR. Ka ware zare ɗaya da ke sauraron wannan, ya rubuta lambar QP ɗin da wanda ke ɗaya bakin, ya kuma kira ibv_ack_async_event a kan kowane labari, domin rushe QP na tsayawa jiran wannan amsa.